Maɓallin gem ɗin hannu ya ƙi aiki: kurakuran da ke ƙara lalata shi

Yawancin maɓallan da ake cewa sun mutu, datti ne kawai ya hana su aiki. A ƙarƙashin maɓallin Game Boy, gem ɗin hannu na kamfanin Nintendo, da ire-irensa akwai wata roba mai laushi, a gindinta kuma akwai baƙin ɗigon kabon. Idan ka danna, ɗigon ne ke sauka kan allon lantarki ya haɗa layuka biyu. Gumin hannu da maiƙo da ƙura su ke taruwa a nan su raba su.

Shi ya sa ƙara ƙarfin dannawa ba ya magani. Zai amsa yau, gobe robar ta yage, ka koma neman sabuwa.

Babbar ɓarna kuwa ita ce fesa WD-40, man feshi na sassauta tsatsa, ta gefen maɓalli. Yana barin maiƙo, maiƙon kuma ya riƙa kama ƙura. Maganin goge jan farce ma ya fi shi sharri, domin asiton ɗin da ke cikinsa na narkar da robar jikin na'urar. Abin da ya dace shi ne sinadarin isopropyl, wani irin sifirit na goge kayan lantarki, mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a jiƙa tsinken auduga kaɗan, a goge allon lantarkin da ɗigon a hankali har audugar ta daina fitowa da baƙin datti, sannan a bari ya bushe sarai. Wasu sukan sa samfefa don wurin ya yi ƙyalli. Wannan ƙyallin da suke murna da shi, kabon ɗin ne suka kankare.

Kafin ma a kwance, a gwada. Nintendo Switch na da wurin gwajin maɓallai a cikin saituna. In ya amsa a can, matsalar ta wasan ce ko ta saiti.

Wajen buɗewa ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Nintendo na amfani da sukurori masu kai kamar harafin Y, kuma sukudireba na gida zai cinye kan ne kawai. A kashe na'urar, a fara cire batir, kada a zungure shi da ƙarfe, domin batirin lithium na iya kama wuta in ya huje. Siraran wayoyi masu faɗi da ke haɗa sassan cikin na'urar galibi suna da ɗan makulli da ake ɗagawa kafin a zare su. Fizgewa ke tsinka su. Sukurorin ma tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere na iya huda allon lantarki, don haka a ɗauki hoto kafin a cire kowanne.

Maɓallan L da R da ke kafaɗun Game Boy Advance SP da Nintendo DS daban suke: ƙananan makunnai ne da aka liƙa da dalma. Ɗigon isopropyl da dannawa sau da yawa kan farfaɗo da su. In sun ƙi, sai dai a canja, kuma wanda bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba gara ya kai wa mai gyara.