Ruwan tankin kifi: kar ka zuba shi a sokawe, kai wa lambu

Ni dai abin yana min ciwo wallahi, ka ga mutum ya canja wa kifinsa ruwa ya kinkimi bokiti ya nufi banɗaki ya juye, alhali ga zogale da gwanda a tsakar gida suna fama da ƙishi. Wannan ruwan da kake gani ya yi duhu-duhu taki ne. Kashin kifi da ragowar abincin da suka bari suna zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya na cikin tankin su mayar da ita naitiret, shi kuma naitiret ɗin nan abincin shuka ne irin wanda muke biyan kuɗi mu saya a buhun takin zamani.

Ita kuwa sokawe ba ta son ruwa mai yawa lokaci ɗaya. Aikinta shi ne ƙazanta ta kwanta a ƙasan ramin, bakteriya su cinye ta a hankali, ruwan sama-sama ya tsiyaye ya shige ƙasa. To in ka kwararo mata ruwan tankin tarwaɗa mai lita 1,000 gaba ɗaya sai ya motsa laka ya tura ta inda ruwa ke tsotsewa, wajen ya toshe, kafin ka ankara ramin ya cika sai kiran masu motar kwasa, musamman da damina da ƙasa ta riga ta ƙoshi. Tsakuwa da yashin tankin ma toshe bututu suke yi.

Ga yadda nake yi. In kifin ado ne na akwatin gilashi, duk sati ina cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu, wato in lita 100 ne sai in zuƙe lita 25. Tiyo nake sawa, bakinsa ɗaya a cikin tsakuwar ƙasan tankin ɗayan a bokitin da ke ƙasa, za ka ga dattin yana bin tiyon kamar hayaƙi, to wannan baƙin na ƙasa shi ne mai kyan, kar ka zubar. Soson filta, wato na'urar da ke tace ruwan tankin, shi ma a cikin bokitin nan nake matse shi.

Sai ka kai gindin shuka da sassafe ko da yamma, a gindi fa, ba a kan ganye ba, balle latas ko tumatir da ake ci ɗanye. Ayaba da gwanda da rama suna shanye shi da daɗi. Ruwan tarwaɗa ya fi ƙarfi da wari, don haka ga ƙananan shuka ina sirka shi da ruwan famfo rabi da rabi. Kuma ka yi amfani da shi a ranar, in ya kwana biyu a jarka wari zai tashi, a buɗe kuma sauro ya samu gidan haihuwa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Inda nake so a kula sosai shi ne ruwan da aka sa wa gishiri ko magani. Masu kiwon tarwaɗa sun san ana sa gishiri in kifi ba lafiya, wannan ruwan ƙona shuka yake yi ya lalata ƙasa, haka ruwan kifin teku. Wanda aka sa wa antibayotik ko shuɗin maganin nan na ciwon kifi kuwa bai dace da kayan miya ba, a sokawe ma yana iya kashe bakteriyar da ke mata aiki. Irin wannan ka nemi busasshen fili inda ba shuka, nesa da rijiya ko bohol, ka riƙa zubarwa kaɗan-kaɗan yana shanyewa, kar kuma ka sake shi kwata ya bi ƙofar maƙwabta.