Kurakuran da masu shirya taro da masu baje koli ke yi game da inshora a Bauchi

Sana'ata ba da hayar kanofi da kujeru ce a garin Bauchi, daga biki da walima har baje kolin da mata masu sana'a kan shirya gab da Sallah. Abin da ya sa na fara kula da maganar inshora ya faru ne wata la'asar a farkon damina. Mun kakkafa rumfuna a wani fili, hadari ya haɗo daga gabas, kafin yarana su ɗaure igiyar ƙarshe iska ta ɗaga rumfa guda ta kifar. Ƙafar ƙarfen ta fasa gilashin wata mota, ta kuma tsaga goshin wata baiwar Allah da ta zo sayen turaren wuta. Har yau ina ganin mayafinta jiƙe da jini, goyonta na tsala kuka. Hajiyar da ta shirya taron ta zaro takarda daga jaka hannunta na rawa, ta ce, "Alhaji, ai muna da izini." Muna da shi kuwa. Amma kuɗin asibiti da na gilashi daga aljihunmu suka fita, ni da ita.

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi yawa: ɗaukar takardar izini a matsayin kariya. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da kasuwanni, shaguna, wuraren sayar da abinci da allunan talla, shi ya sa ake zuwa sakatariya a biya a karɓi rasit. Rasit ɗin yana nufin an yarje maka ka yi abin a wurin. Bai ce hukuma za ta biya diyyar wanda ya ji rauni ba. Ranar da ka je neman izini, ka nemi sharuɗɗan a rubuce, ka kuma yi tambaya a fili ko ana bukatar takardar inshora, ta nawa, da sunan wa. Masu manyan ɗakunan taro da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin taro su ma kan sa nasu sharaɗin, wani lokaci a can ƙasan takardar yarjejeniya inda ba kowa ke karantawa ba. In ka bari sai ana gobe taro, ka tuna ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai rikita nau'in inshorar. Mutum ya ce maka yana da inshora, ka duba ka ga ta gobarar shagonsa ce a Wunti ko Muda Lawal, ko ta mota ta dole, wadda tun Janairun 2023 ta koma naira 15,000 ga motar gida. Ta gobara kayanka take karewa. Ta mota kuwa ɓarnar da motar ta yi wa wani kaɗai ta shafa. Wadda mai taro ke bukata ita ce inshorar alhakin jama'a, wato wadda za ta biya wani mutum dabam idan ya ji ciwo, ko ya rasu, ko dukiyarsa ta lalace sanadiyyar aikinka. Ita wannan ba za ta saya maka sabuwar rumfa ba. Haƙƙin mutane take saukewa daga wuyanka.

Akwai ramuka biyu a nan da mutane ke faɗawa. Yaran da ke yi maka aiki ba sa cikin "jama'a" a idon irin wannan takarda. Raunin ma'aikaci yana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa. Na biyu ya shafi masu abinci: mai masa, mai tsire, mai zoɓo da kunun aya. Idan mutane suka ci suka kamu da ciwon ciki, ba kowace takarda ce ke biya ba sai an rubuta a ciki cewa ta haɗa da abinci da abin sha. Kunun aya kuwa kowa ya san yadda zafin Bauchi ke juya shi kafin azahar. Ka sa a nuna maka layin da ya faɗi haka da yatsa.

Wani kuskuren shi ne jingina da takardar wani. Mai rumfa yana zaton ta mai shirya taro ta rufe shi, mai shirya taro yana zaton ta mai ɗakin taro ta rufe kowa. Gaskiya ne dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa masu gine-ginen da jama'a ke shiga su yi musu inshora, kuma sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta bar wannan wajibcin. Amma wannan alhakin mai ginin ne. Idan silin ya rufto, nasa ne. Idan wayar janaretanka ce ta ja yaro, ko tukunyar gas ɗin mai suya ta kama, ba lallai takardarsa ta waiwaye ka ba. Buɗaɗɗen fili kuma ba gini ba ne. Gyaran shi ne ka nemi kwafin takardar ka karanta da idonka. In ana son ta rufe masu baje kaya, a rubuta haka a ciki, ko kowannensu ya yi tasa.

Kwanan wata ma na kayar da mutane. Rumfa ana kafa ta tun ana jibi, a kwance ta washegarin taro, kuma a waɗannan ranaku ne ƙarfe ya fi faɗo wa mutum. Takardar da ta ce rana ɗaya ba ta san da su ba. Haka in an ɗage taro saboda ganin wata ko rasuwa, ko aka sauya fili: a sanar da kamfani ya gyara a rubuce kafin ranar. Sunan da ke jikin izini, da na inshora, da na rajistar kasuwancinka su zama iri ɗaya.

Biya kuma a gama shi kafin taro. Ƙa'idar inshora a Najeriya ita ce in ba a biya ba, babu kariya. "Zan cika bayan an tashi" ba ta aiki a nan. Kuɗin su shiga asusun kamfanin ko na dillali mai lasisi, kada su shiga asusun wani mutum. Hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a Najeriya, tana da jerin kamfanonin da ta ba lasisi a shafinta na intanet. Takardar bogi tana da hatimi da launi mai kyau, sai ranar bukata za ka gane kallon kitse ka yi wa rogo.

Kada ka ɓoye komai don a rage maka kuɗi. In za a yi kilisa da dawaki, ka faɗa. In akwai lilon yara, gas, janareta ko dandamali mai tsawo, ka faɗa, haka ma yawan mutanen da kake tsammani. Kamfani na da ikon ƙin biya idan ya gano an ɓoye masa abin da da ya sani zai sauya farashi. Ka kuma tambayi abu biyu: iyakar abin da za su biya, da kason farko da kai za ka ɗauka a kowace ɓarna. Sannan inshora ba ta ɗauke maka taka-tsantsan ba. Duk wanda ya ga guguwar da ta afka wa Bauchi a Yunin 2018 ya san rumfar da aka danne da bulo biyu ba a ɗaure take ba.

Da yawa daga cikinmu abin da ke hana su shi ne shakku ta fuskar addini, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A tsarin takaful, mahalarta na zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda abu ya samu, malamai na sa ido, in an samu rara kuma a kan raba wa waɗanda suka zuba. Ka je da tambayoyinka, ka kuma tuntuɓi malaminka.

Na ajiye kuskuren da ya fi damuna zuwa nan, domin daga kyakkyawar tarbiyyarmu yake fitowa. Idan abu ya faru, mu mutanen sulhu ne. Kafin magariba an zauna a zauren mai unguwa, an ce "laifina ne, ranka ya daɗe," an yanke kuɗi, an yi addu'a an watse. Bayan sati biyu sai a tuna da kamfanin inshora. Su kuwa takardunsu galibi sun hana ka amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da saninsu ba, sun kuma ce a sanar da su da gaggawa. Sai a rasa kuɗin baki ɗaya.

Ban ce ka zama marar tausayi ba, Allah ya kiyaye. Ka ɗauki mai rauni zuwa asibiti nan take, ka je dubiya, ka ba danginsa haƙuri. Amma a ranar ka buga wa kamfani waya, ka bi da saƙo a rubuce. Ka ɗauki hoton wurin kafin a kwashe komai, ka karɓi lambar mutum biyu da suka gani, ka adana duk rasit ɗin asibiti, in abin ya yi girma a kai rahoto ga 'yan sanda. A zauren mai unguwa kuma ka faɗi gaskiya: "Ranka ya daɗe, akwai inshora, ina roƙon a ba ni kwanaki wakilinsu ya zo a yanke tare." Na taɓa ganin an yi haka, dattawa suka amince, har mai unguwar da kansa ya sa rana. Idan kuma kamfanin ya yi ta jan ƙafa bayan ka cika duk sharuɗɗa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Ka rubuta musu, ka haɗa da lambar takardarka da kwafin saƙon da ka aika ranar da abin ya faru.