Yadda ake daidaita gidajen haya da shaguna a garuruwan gefen Abuja

Duk mai bin Kubwa, Lugbe ko Karu ya saba ganin abubuwa biyu: filaza mai hawa uku da shagunan samanta suka shekara a garƙame, da rukunin gidaje ɗari biyu da ko burodi sai an hau Keke kafin a samu. Cutar ɗaya ce. An zuba kankare kafin a ƙirga masu saye.

A fara da takarda. A Babban Birnin Tarayya Minista ne kaɗai ke ba da fili, don haka takardar da ta fito daga ƙaramar hukuma sai an kai ta an daidaita. A je AGIS, ofishin da ke adana bayanan filayen Abuja, a duba abin da aka ware fulotin dominsa: zama, kasuwanci, ko haɗin biyun. In na zama ne zalla, a nemi izinin sauya amfani, sannan a kai zane Sashen Kula da Gine-gine na AMMC (hukumar kula da birnin Abuja), wanda zai faɗi tazarar da za a bari daga titi da yawan hawan da aka yarda. Gwarinpa ta isa darasi: gidajen zama sun rikiɗe shaguna ɗaya bayan ɗaya, an fasa katanga, motocin masu sayayya suka koma kan titi.

Sai ƙirga, kuma nan ne ake yawan yin ha'inci wa kai. A zagaye fulotin da tazarar mita 400, tafiyar kamar minti biyar a ƙafa, a ƙirga gidajen da ake kwana a cikinsu. Bayan magariba ake wannan aiki, lokacin da ake ganin fitila da labule da shanya a baranda. Kangon da ba a rufa ba baya sayen sukari. A tuna kuma garuruwan nan wayam suke da rana, tun asuba ma'aikata sun nufi Garki da Wuse da Sakatariya. Cinikin gaske daga la'asar ne zuwa goman dare, sai Asabar. Shi ya sa tireda, kemis, aski, wanki da guga, mai POS da gidan abinci ke rayuwa, shagon kayan ƙawa kuwa ya rufe kafin haya ta zagayo.

Shawararmu, shaguna su ci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na faɗin ginin a zangon farko. Ga misali: fuloti mai murabba'in mita 2,000, bene mai hawa huɗu, kowane hawa 600, jimla 2,400. A ware 300 a ƙasa, ɓangaren da ke kallon titi, a yanka shago goma masu 30 kowanne. Ragowar 2,100 za ta ba da fulat kusan ashirin masu ɗaki biyu. Gida ashirin ba za su riƙe shago goma ba, dole sai da mutanen unguwa, don haka kada a kulle shagunan a bayan get. Kada kuma a kai su hawa na biyu. Mai sayen kati ko maganin mura ba ya hawa bene.

Wajen ajiye mota, kowace ɗaya tana cin mita 2.5 da 5, amma in an haɗa da hanyar juyawa a lissafa murabba'in mita 25. Mota ɗaya ga kowane fulat da kowane shago ta kama talatin, wato 750 daga cikin 1,400 da suka rage a fili. Na masu sayayya a gaba, na mazauna a baya da ƙofarsu daban. In aka haɗa, maigida zai dawo daga cunkoson Nyanya ya tarar mai jiran tsire ya tare masa wuri, rigima ta fara ke nan.

Hawan ƙasa a ba shi tsayin mita huɗu, nauyin ya hau kan pila, bangon tsakanin shaguna ya zama na rabawa kawai. Da haka ana iya haɗe biyu wa mai babban kanti, ko a mayar da su ofis in kasuwa ta ƙi. Kowane shago da mitarsa ta AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, kuma a sa firiza da na'urar sanyaya ɗaki cikin lissafin taransifoma tun farko. Ruwa, a ɗauki lita 120 ga mutum a rana: mazauna ɗari lita 12,000 ke nan, ban da na mai wanki da mai abinci, waɗanda ya kamata a ba su tanki daban. Gidan abinci sai da bututun hayaƙi da ya zarce rufin bene, da ramin tare maiƙo kafin sokawe, in ba haka ba bututu zai toshe ya dawo da ƙazanta banɗakin ƙasa. Kada a shafe filin duka da siminti, don ruwan sama ya samu inda zai nutse. Ambaliyar Lugbe ta 2023 ba ta yi nisan da za a manta ba.

A rubuta a yarjejeniyar haya abin da ba a yarda da shi a ƙarƙashin gidan kwana ba: ɗura gas, walda, injin niƙa, kiɗa bayan goman dare. 'Yan tebur kuwa za su zo ko an so ko an ƙi, gara a shata musu gefe mai rumfa da kwandon shara.

A gama gidaje tukuna. Idan biyu bisa uku sun cika, a buɗe shago biyar na farko, a fara da tireda da kemis. Sauran biyar su jira har masu nema su fara zuwa da ƙafarsu suna tambayar maigadi.