Gyaran haƙoran cok da ƙaramar giranda

Idan cok mai haƙora 3, wato abin da ke damƙe ƙarfe yana juya shi, ya daɗe yana aiki a injin feren ƙarfe, bakin haƙoran ne ke fara cinyewa, domin yawancin aiki gajeren ƙarfe ake kamawa a gaba-gaba. Sai ka ɗaure sanda ka ga gindinta ya kamu, gabanta kuwa yana rawa. Kafin ka ɗora laifi a kan haƙoran, kwance su ka wanke faifan nan mai zanen katantanwa da ke tura su, ka mayar da kowanne ramin lambarsa, 1 da 2 da 3, sannan ka sa agogon awo, wato ma'aunin da ke nuna rawar abu mai juyawa, a jikin cok ɗin. Sau da yawa ɗan ɓurɓushin ƙarfe ne ya maƙale.

In cinyewar ce da gaske, abin da na fi damuwa da shi shi ne ɗaurin. Haƙorin da bai kama komai ba sako-sako yake a mazauninsa. Ka goge shi a haka, zai yi kyau a ido, amma da ka ɗaure aiki sai ya karkata waje, wahalar ta tafi a banza. Dole haƙoran su kasance suna matsawa ciki, kamar yadda suke yi lokacin aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fere siririyar wosha ka sa ta can ƙurya, ka ɗaure a kanta. Ni dai ban cika son wannan ba, don gindin kawai take tokarewa, kuma tana barin ɗan tudu da sai ka ciro haƙoran ka goge daga baya. Na fi son a huda ƙaramin rami a goshin kowane haƙori, a soka fil, filolin su matse zobe. Da bakin huda na kabaid, wanda ya fi na gama-gari tauri, ake yi, saboda ƙarfen haƙoran mai tauri ne. Wanda ba ya son huda, ya yanka guntayen ƙarfe 3 masu kauri ɗaya ya cusa tsakanin haƙoran. Kada ka ɗaure ta buɗewa cikin zobe, wannan na gyaran matakalar da ke wajen haƙoran ne.

Giranda ta hannu irin Dremel ta isa, muddin ka ɗaure ta gam a mariƙin wuƙa, tsakiyar dutsen daidai da tsakiyar injin. Gyara fuskar dutsen da tsinken daimon, ka rage tsawon ƙafar dutsen iya yadda zai yiwu. Rufe gadon injin da takarda mai maiƙo. Tsumma kam a'a, cok na iya fizgarsa. Ka sa tabarau.

Shafa tawadar alƙalamin maka a fuskar haƙoran. Juya cok a hankali, kamar zagaye 50 zuwa 100 a minti, ka riƙa shiga da fita kana cin milimita 0.01 zuwa 0.02. Da farko haƙori ɗaya za ka ji yana taɓawa, tas, tas, daga baya sauran su shigo. In ka karkata ƙaramin keken da mariƙin wuƙa ke zaune a kansa da digiri 5.7 daga layin tsakiyar injin, kowane milimita 0.1 da ka murɗa 0.01 ne zai ci. Da maka ta goge duka, ka ƙara wucewa ba tare da ƙarin ci ba har tartsatsi ya ɗauke.

Daga nan kwance komai ka wanke garin dutsen tsaf. Yi wa ramin makullin da ka ɗaure da shi alama, da shi za ka riƙa ɗaurewa kullum. Cok ɗin zai fi yin daidai a faɗin da ka goge shi, don haka zaɓi zoben da ya yi kusa da kaurin aikin da ka fi yi.