Daga Abuja zuwa Jos a Lokacin Kaka: Yadda Ma'aurata Za Su Tsara Hutun Kwana Biyu

Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya daga doron teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Wannan bambanci shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya: cikin awa huɗu zuwa biyar a mota, mutum zai bar gumin Abuja ya kwana da bargo. Amma hutun Juma'a zuwa Lahadi gajere ne, kuma yawancin waɗanda suke dawowa a gajiye, ko ma da ɓacin rai a tsakaninsu, lokaci ne suka kasa tsarawa. Sun tashi a makare, sun cusa wurare bakwai cikin yini ɗaya, sun bar zumunci ya cinye Asabar.

Makonnin da suka fi dacewa su ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke ko yana gab da ɗaukewa, ciyawa ba ta gama bushewa ba, magangarun ruwa suna nan da ƙarfinsu, hazon hunturu kuma bai rufe duwatsu ba tukuna. Wanda ya zo a Agusta zai sha ruwa da santsi. Wanda ya bari sai ƙarshen Disamba zai hau dutse ya tarar da farin hazo maimakon gari, ga sanyi mai fasa leɓe, ga masaukai sun cika saboda bikin Kirsimeti. A kaka, rana tana da daɗi, dare kuma yakan sauka wajen digiri 15.

Kafin a sa rana, a kira wani mazaunin Jos da aka yarda da shi a tambayi halin gari da na hanya a wannan makon. Ƙananan hukumomin Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu sun sha fama da hare-hare, kuma akan sa dokar hana fita idan wani abu ya taso. Labarin watan jiya ba ya amfani a nan. Idan aka ce a dakata, a dakata, duwatsun ba inda za su.

Mota da hanya

Hanyar da aka fi bi ita ce Nyanya, Mararaba, Keffi, Akwanga, sai a karya hagu a bi ta Gwantu da Forest a hau Hawan Kibo, wato hawan dutsen da yake kai mutum saman tudun Jos, a wuce Riyom da Bukuru a shiga Jos. Tafiyar ba ta cika kilomita 300 ba. Daga Keffi zuwa Akwanga tagwayen hanya ce mai kyau, akwai kuma wurin biyan kuɗin hanya, don haka katin banki ya kasance kusa. Bayan Akwanga hanya ta zama ɗaya, ga manyan motoci, ga ramuka nan da can, ga shingayen jami'an tsaro. A wannan yanki ne lissafin lokaci yake rushewa, shi ya sa ba a yarda dare ya riski mutum a cikinsa.

A farkon Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6. Wanda ya ce sai ya sauko daga Juma'a a Abuja ya kama hanya ƙarfe 2 da rabi, to a cikin duhu zai hau Hawan Kibo. Gara a nemi hutun Juma'ar a wurin aiki, a tashi ƙarfe 6 da rabi na safe. A wannan lokaci cunkoson Nyanya da Mararaba na masu shigowa Abuja ne, ku kuwa fita za ku yi. Da ikon Allah kafin azahar kun isa, maigida ya samu Juma'a a babban masallacin Jos. Tafiyar ta zarce nisan da ake yin ƙasaru, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba, don haka akwai sauƙi a salla.

A kai mota wurin bakanike tun Laraba, kada a bari sai daren Alhamis, domin idan ya gano matsala a samu ranar gyara. Abu uku ne hawan dutse yake tona wa asiri: lagireto, birki da taya. A duba ruwan lagireto da fankarsa da fanbel, a duba takalman birki da man birki, a auna iskar taya har da safaya. Jak, sifana, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku su kasance a but, takardun mota da lasisi kuma a hannu, jami'an kiyaye haɗura suna tambayarsu. Motar da take shan lita 9 a kilomita 100 za ta buƙaci wajen lita 60 zuwa 65 don zuwa da dawowa da yawon cikin gari. A cika tanki a Abuja, a ƙara a Jos kafin a juyo.

A Hawan Kibo, idan allurar zafi ta fara hawa, a kashe na'urar sanyaya mota, a samu fili a gefe a tsaya. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan yana tsalle ya ƙona fuska. A jira aƙalla minti 30. Kuma kada a yi gaggawar wuce tirela a kwana, ko da mai binku a baya yana ta hon. Wanda bai saba doguwar tuƙi ba, ya shiga motar haya daga tashar Jabi da sassafe, ya biya kujerun da za su zauna a sake, in ya isa ya yi shatar mota ta yini. An hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, Keke Napep ma akan taƙaita lokacin aikinsa da dare.

Masauki da kaya

A kama ɗaki tun kafin a taso, a Rayfield ko unguwar GRA, inda ake da shiru da wurin ajiye mota a cikin gida. Tambayar farko da za a yi a waya ita ce ruwan zafi: akwai hita a banɗaki, kuma tana aiki idan an ɗauke wuta? Sai bargo, sai lokacin da ake kunna janareto. Na'urar sanyaya ɗaki da ake ƙara wa kuɗi dominta ba za ku kunna ta ba. A nemi hoton ainihin ɗakin ta WhatsApp, kuma kada a tura kuɗin kwana biyu gaba ɗaya kafin a gani da ido.

Kowa ya ɗauki rigar sanyi ɗaya mai kauri, safa, da man kaɗanya ko basilin saboda leɓe da dunduniya. Don hawan dutse, takalmi kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi yana fitar da bororo tun kafin a yi nisa, silifas kuma yana zamewa. Uwargida za ta fi sakewa da wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar rigar da ba ta jan ƙasa, da hijabi gajere ko mayafin da aka ɗaure, domin iskar saman dutse tana kama dogon hijabi, hannu kuma ana buƙatarsa don dafa dutse. Filas na shayi, dabino, gyaɗa, ƙaramar darduma, da tsabar kuɗi ƙananan canji don kuɗin shiga da ɗan jagora.

Akwai magana ɗaya da ya kamata a gama tun a gida, ita ce ta 'yan'uwa. Kusan kowane Bahaushen Abuja yana da wani a Jos, kuma da zarar an ji kun shigo, gaisuwa ɗaya za ta haifi huɗu, kowace da abincinta. A zaɓi gida ɗaya, a ba shi awa ɗaya bayan la'asar ranar Juma'a, a faɗa musu gaskiya cewa hutu aka zo yi. Haka wayar ofis. Idan maigida zai yi rabin Asabar yana amsa kira, da ya bar uwargida a gida ya fi mata.

Juma'a da Asabar

Yammacin Juma'a na hutawa ne. Idan da sauran ƙarfi, a je bakin tafkin Rayfield a zauna. Tafkin tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika, irinsa kuma suna da yawa a faɗin tudun. Ruwansu yana da kyan gani a hoto, amma gefensu a tsaye yake, zurfin ya wuce yadda ido yake zato, ƙasan kuma laka ce. Ba a wanka a cikinsu, ba a shiga kwalekwale sai da rigar kariya.

Asabar da safe ta duwatsun Shere ce, kimanin kilomita 10 gabas da gari, ta wajen Lamingo. Ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,829, tana cikin mafi tsayi a tudun Jos, kuma a nan ne cibiyar horar da shugabanci da ake kira makarantar dutse take. Ba dole ne a kai ƙololuwa ba. Tafiyar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a hankali ta isa a samu falalen dutsen da za a zauna a hango gari da madatsar ruwan Lamingo a ƙasa.

A fara hawa ƙarfe 7. Sanyin iska yana ruɗar mutum ya manta rana tana duka, ya kuma manta ƙishirwa, sai ciwon kai ya sanar da shi. Lita biyu na ruwa ga kowane mutum, a riƙa kurɓa tun kafin a ji ƙishi. A ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, ta hannun masauki ko wanda kuka sani, a yi ciniki a gama tun a ƙasa, a faɗa masa awa nawa kuke so. Hanyoyin ƙafa suna rarrabuwa a cikin ciyawa, duwatsun kuma suna kama da juna idan an juyo. Mai saurin tafiya ya koma baya, mai nauyin ƙafa ya shiga gaba, a bi takunsa. Idan aka yi akasin haka, ɗaya yana haki ɗaya yana ƙorafi, nan faɗa yake farawa.

Raɓar safe tana sa dutse santsi, musamman inda ya yi baƙi-baƙi ko kore. A taka inda ya bushe, mai kaushi. Kaka lokacin macizai ne, don haka kada a cusa hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse, kada kuma a ratsa doguwar ciyawa inda babu sawu. A ƙauyukan gindin dutse za ku ga an kewaye gidaje da gonaki da shingen ƙerana, kore shar mai ƙaya. Idan aka karya reshenta tana fitar da farin ruwa kamar madara, wanda yake ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai asibiti. A yi hoto daga nesa. Gonakin acca da ake girbi a lokacin abincin mutane ne, a bi gefensu, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki kowa hoto. Saukowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, a nan aka fi gurɗewa, don haka a bar mata lokaci daidai da na hawa. Kafin ƙarfe 11 a kasance a ƙasa.

Bayan wanka da barcin rana, wuri ɗaya kawai za a ƙara. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana tsakiyar gari, a nan ake ganin sassaƙen yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da tarin tukwanen gargajiya. Kusa da shi akwai filin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Wasu gine-ginen sun ji jiki, amma duk mai son ginin ƙasa na Hausa zai tsaya ya daɗe a ƙarƙashin bakan gizon rufin masallacin. Wanda ya fi son dabbobi ya tafi gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk. Ɗaya za a zaɓa. Magangarar Kurra kuwa, mai nisan kusan kilomita 77 ta wajen Barikin Ladi, a bar ta sai wata tafiyar, kuma da rakiyar ɗan gari.

Da dare a nemi gwaten acca mai zafi da yakuwa da gauta, ko masa da miyar taushe, a biyo da tsire. A koma masauki kafin ƙarfe 9.

Lahadi

Tsaraba da sassafe ake sayenta, a kasuwar Farin Gada: dankalin turawa, kabeji, karas, koren wake, da acca wankakkiya. Sitiroberi na wajen Vom sai sanyi ya kankama yake yawa. A sa a zazzage kwandon dankali a gabanku, domin manya a sama suke. A zuba shi a buhu mai shan iska, ganye kuma kada a ƙulle shi a leda a jefa but, zafin da za a tarar daga Akwanga zuwa Abuja zai dafa shi. A lissafa da gidan surukai da wadda ta riƙe muku yara.

A bar Jos ƙarfe 9, masu zuwa coci su halarci taron farko. Dutsen Riyom, wanda manyan duwatsu suka ɗoru kan juna, yana kusa da hanya kimanin kilomita 25 daga gari, minti 15 sun ishe shi. Magangarar Assop tana yankin Hawan Kibo, wajen kilomita 64 daga Jos, ita ma a gefen hanya, shi ya sa aka ajiye ta sai ranar komawa. A ba ta awa ɗaya. Duwatsun da feshin ruwa yake taɓawa suna da gansakuka, kada a hau su don neman hoto, kada kuma a bar jaka ko waya a fili cikin mota.

Gangaren Hawan Kibo ya fi hawansa haɗari. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa yana gasa takalman birki, man birkin ya yi zafi, sai ya taka ya ji fedar ta tafi ƙasa ba ta kama komai. A sa giya ta biyu ko ta uku, mai otomatik ya mayar da ita kan 2 ko L, injin ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taɓa shi ana saki. Kada a saki giya ko a kashe inji don tsimin mai. Idan aka ji warin ƙuna, a tsaya a fili a bar shi ya huce da kansa, ba a watsa masa ruwa. A yi azahar a ci abinci a Akwanga, a wuce Keffi kafin ƙarfe 3, sai a shiga Abuja da sauran rana.