Sabon zuwa Winnipeg: ka san Jets kafin safiyar Litinin

Idan Allah ya kawo ka Winnipeg, a lardin Manitoba na Kanada, abu biyu za ka fara ji a bakin mutane a wurin aiki: sanyi da Jets. Sanyin zai koya maka kansa. Jets kuwa ƙungiyar hokin ƙanƙara ce ta garin, kuma wanda bai san komai a kanta ba sai ya zauna shiru lokacin shan shayi, ana ta hira a kansa.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum shida kowane ɓangare har da mai tsaron gida, zango uku na minti 20, ana bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Kakar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, tana farawa a Oktoba ta kai Afrilu, sannan ƙungiyoyi 16 su shiga zagayen neman Kofin Stanley, inda duk wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai yake wucewa. Rabon da wata ƙungiyar Kanada ta ɗauki kofin nan tun 1993, lokacin Montreal. Kada ka yi musu ba'a da wannan sai kun saba.

Abin da ya sa mutanen garin suke riƙe da ƙungiyar kamar ɗan da ya ɓata aka gano: a 1996 an kwashe Jets ta farko zuwa Phoenix a Amurka, garin ya zauna shekara 15 babu ƙungiya a NHL, sai a 2011 aka sayo ta Atlanta aka raɗa mata tsohon suna.

Kakar 2024-25 ita ce wadda za ka fi jin labarinta. Sun ci wasa 15 cikin 16 na farko, suka gama da maki 116, fiye da kowa a gasar. Mai tsaron gidansu Connor Hellebuyck ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa na shekara. A zagayen farko na neman kofi, a wasa na bakwai da St. Louis, ana cin su 3-1, saura ƙasa da minti biyu, suka rama ɗaya, sannan Cole Perfetti ya farke ana saura daƙiƙa biyu-uku a tashi. Kyaftin Adam Lowry ya ci ta nasara a ƙarin lokaci na biyu. Tambayi kowane abokin aiki inda yake a daren nan, ka ga yadda baki zai buɗe. Dallas ce ta fitar da su a zagaye na gaba, a wasan da Mark Scheifele ya buga har ya zura ɗaya sa'o'i kaɗan bayan rasuwar mahaifinsa. Wannan ba a kawo shi da wasa.

Lokacin neman kofi kowa fari yake sawa, a rufe tituna kusa da filin wasan Jets, Canada Life Centre, da ke titin Portage. Farar kaftaninka ta isa, babu mai cewa uffan. Sai dai ana shan giya sosai a taron titi. Mai iyali ya fi samun natsuwa a gida gaban talabijin. Ranar wasa kuma ka guji tsakiyar gari da mota wajen ƙarfe bakwai.

Tikitin Jets da tsada. Manitoba Moose, ƙungiyar matasansu, a fili ɗaya take wasa da kuɗi kaɗan, nan ya kamata ka fara kai yara. In suka dawo suna cewa su ma sai sun buga, kada ka ruga kanti, kayan wasan nan suna cin kuɗi ba kaɗan ba. Nemi shirin First Shift na yara masu shekara 6 zuwa 10, wanda ke haɗa kaya da horo, ko tallafin ƙungiyoyin agaji na KidSport da Jumpstart. Filayen ƙanƙara na cibiyoyin unguwa kuwa yawanci kyauta ne, takalmin ƙanƙara na hannu kawai za ka saya.