Yadda Ake Koyon Ma'anonin *Phrasal Verbs* na Turanci Su Zauna a Ka

Ɗalibi zai iya sanin ma'anar *put*, ya kuma san *off*, amma a ba shi jimlar *The wedding was put off* ya yi tsuru-tsuru. Ba ajiye bikin aka yi ba, ba kuma kashe shi aka yi kamar fitila ba. Ɗage shi aka yi. Wannan haɗin na aikatau da wata 'yar kalma mai rakiya irin su *up, off, out, in, on, down* shi ake kira *phrasal verb*, kuma da wuya a yi takardar Turanci ta WAEC ko NECO ko JAMB bai leƙo ba.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Dubi yadda muke yi da "ci": ci amana, ci bashi, ci zarafi, ci kasuwa, ci jarrabawa. Babu inda aka kai loma baki. Mai koyon Hausa da ya duba "sha" daban, ya duba "kashi" daban, ba zai taɓa gane "ƙungiyarmu ta sha kashi" ba. Haka Turancin yake, don haka kada a raba haɗin gida biyu wajen neman ma'ana.

Mataki na 1: tara su bisa yanayi, ba bisa haruffa ba

Nemi littafin rubutu guda, ka raba kowane shafi gida uku: haɗin, ma'anarsa da Hausa, sai jimlar da kai ka ƙirƙira. Biyar a rana sun isa. Wanda ya ɗauko wani jeri mai haɗi ɗari biyu da ya fara daga *act up* ya nufi *zoom in*, kafin ya kai harafi na uku komai ya cakuɗe masa, domin babu abin da ya haɗa kalmomin sai haruffa.

Ɗauki yanayi guda, misali tafiya daga Kano zuwa Kaduna. Kun kama hanya da asuba, *set off*. Direba ya tsaya ɗaukar fasinja a Kwanar Ɗangora, *pick up*. Mota ta lalace kusa da Zariya, *break down*. Mai ya ƙare, *run out of fuel*. An sauke wani a Kawo, *drop off*. Biyar ke nan a labari guda, kuma labarin ne zai riƙe maka su. A lura: bas da jirgi da babur *get on* da *get off* ake ce musu, ƙaramar mota kuwa *get in* da *get out of*.

Mataki na 2: saurari 'yar rakiyar

A nan Hausa ta ba ka fifiko. Bambancin "ci" da "cinye", ko "sha" da "shanye", shi ne kusan bambancin *eat* da *eat up*, *drink* da *drink up*. Sau da yawa *up* na nuna an gama da abu ƙarƙaf: *use up* ƙarar da abu, *dry up* ƙafewa, *tear up* yayyagawa, *fill up* cikawa maƙil. Bambancin "fita" da "fito" shi ne na *go out* da *come out*, haka "koma" da "komo" suke da *go back* da *come back*.

*Off* kan nuna rabuwa ko yankewa: *cut off*, *take off*, *call off*. *On* kan nuna ci gaba: *carry on*, *go on*. *Out* kan nuna fitowa fili, kamar *find out*, ko mutuwar abu, kamar *put out a fire*, wato kashe gobara.

Amma wannan fitila ce, ba doka ba. *Give up* sarewa ne, *make up a story* ƙirƙirar labari ne, *put up with* kuwa jure wa abin da ba ka so. Irin waɗannan sai hadda.

Mataki na 3: san inda karɓau yake zama

Karɓau shi ne mutum ko abin da aikin ya faɗa wa. Nan ne maki ke zubewa. Wasu haɗe-haɗen suna rabuwa: *turn off the radio* daidai ne, *turn the radio off* ma daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya: *turn it off*. *Turn off it* kuskure ne. Haka *pick her up*, *call it off*, *write them down*.

Wasu kuma ba sa rabuwa ko kusa. *Look after the children*, *look after them*. Babu *look them after*. Masu kalma uku, irin su *put up with*, *run out of*, *look down on*, yawanci a dunƙule suke tafiya. Akwai kuma waɗanda ba sa ɗaukar karɓau sam: *The car broke down*, *He turned up late*.

Ba sai ka yi canke ba. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo yana sa kibiya mai kai biyu, kamar haka: *turn sth ↔ off*, alamar ana iya rabawa. *Sth* na nufin abu, *sb* na nufin mutum. Kwafi haɗin tare da waɗannan alamomin cikin littafinka.

Tarko guda da ke kama har masu digiri: bayan *look forward to*, aikatau da *-ing* yake zuwa. *I look forward to seeing you* ake rubutawa a wasiƙa, ba *to see you* ba.

Mataki na 4: kada ka tsaya a ma'ana ta farko

*Take off* cire riga ne, tashin jirgi ne, kuma bunƙasar kasuwanci ce. *Turn down* rage sautin rediyo ne, kuma ƙin karɓar tayi ne. *Break down* na mota daban, na wanda ya fashe da kuka daban, na sulhun da ya watse daban. Ka fara da ma'anar da hannu ke iya taɓawa, ka ba kowace ma'ana layinta da jimlarta. A gefe kuma rubuta kalma guda da ke daidai da ita, domin ita ake tambaya a jarrabawa, a sashen neman ma'ana mafi kusa: *put off* da *postpone*, *call off* da *cancel*, *look into* da *investigate*, *put up with* da *tolerate*.

Mataki na 5: tace Turancin titi

Akwai maganganun da kunne ya saba da su a Najeriya amma mai duba takarda zai ja musu jan biro. *Off the light* ba shi da aikatau; *switch off* ko *turn off* ake so. *Cope up with* babu shi, *cope with* ne. Mai jawabi da ya ce zai *round up* yana nufin kammalawa, *round off* ya kamata ya ce. *Round up* tattaro mutane ko dabbobi ne, kamar yadda 'yan sanda ke yi wa waɗanda ake zargi. *She has taken in* a nan ana nufin ta samu juna biyu, alhali a daidaitaccen Turanci *be taken in* a yaudari mutum ne. *Pass out* kuma, ban da faretin kammala horo irin na sojoji da masu yi wa ƙasa hidima, ma'anarsa ta yau da kullum suma ce.

Mataki na 6: bita da tazara

Biyar ɗin yau, ka waiwaye su gobe, sai bayan kwana 3, sai bayan mako guda, sai bayan wata. Rufe gidan Turancin da tafin hannu, ka kalli Hausar, ka faɗi jimlar da ƙarfi. Kallon Turanci ka tuno Hausa yana da sauƙi, shi ya sa yake ruɗin mutum ya zaci ya iya. Mai waya zai iya amfani da manhajar Anki, ita ke tsara masa ranakun bitar. Duk wanda ya kuɓuce maka sau biyu, sake masa sabuwar jimla da sunan unguwarku ko sana'arka a ciki.

Wajen furtawa, nauyin murya kan faɗa kan 'yar rakiyar: *break DOWN*. Idan haɗin ya koma suna, sai nauyin ya dawo farko, sau da yawa kuma a haɗe rubutun: *a BREAKdown*, *a SETback*.